Wutar da Mumuni Ya Jefa a Rijiya

A shekarar da fari ya cinye gero tun yana tsaye, Mumuni ya ɗaura wa jakinsa amalanke ya tafi Issawane karɓar jar dawar agaji da sojoji ke rabawa. Ya baro matarsa Zara'u da ɗiyarsu Rakiya, jaririya mai wata huɗu, wadda yake so kamar ransa.

Mumuni ba mugu ba ne. Tun da shanunsa suka mutu ɗaya bayan ɗaya, wani abokinsa ya koya masa shan wiwi, wai maganin gajiya ce da baƙin ciki. Liman ya ce haramun ce, uwarsa Halima ta yi kuka har ta gaji. Shi kuwa gogan naka sai ya ce ai ganye ne, Allah ya halitta.

A hanyar dawowa da dawar, rana ta yi ja lokacin da ya iso tsohuwar rijiyar Dodo, wadda ta ƙafe tun farin farko. Ba mai tsayawa nan da magariba. Amma sha'awar wiwi ta motsa masa, ya sauka, ya naɗa, ya kunna.

Zuƙa biyu ya yi ya ji ƙugin mota. Jandarmomi! A zamanin nan in suka kama ka da ita, sai dai danginka su ji labari. Ya wurga ta cikin rijiya da wutarta.

Ko yaron goye a ƙasar nan ya san ba a zubar da ruwan zafi ko garwashi ba bisimilla, don akwai masu zama inda ido ba ya gani. Mumuni bai yi bisimillar ba.

Mota ta wuce can nesa. Shiru.

Sai kukan jariri ya taso daga ƙasan rijiya.

Jakin ya kafe, kunnuwa a miƙe, jikinsa na ɓari. Warin ƙonannen gashi ya cika wurin. Mumuni ya ce a ransa hayaƙi ne ya hau masa kai. Ya murza ido.

Yatsu suka kama bakin rijiya. Dogaye, farare kamar toka.

Mace ce ta fito, da goyo a bayanta. Ba ta taka ƙasa da sauti. Goyon yana ta tsala ihu.

"Wa ya jeho wuta ɗakina?" ta ce a hankali.

Ya ja da baya.

"Mumuni ɗan Halima, kai nika tambaya."

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri... ban sani ba."

"Da ka yi bisimilla, da na janye shi." Ta juya masa goyon. A kafaɗar jaririn akwai ƙuna, zagaye, tana hayaƙi. "Kai ma kana da ɗiya, ko?"

Ya faɗi a gwiwa, ya miƙa mata hannu biyu.

"Ni na yi. Ƙone ni! Ki bar min ita, don Allah."

Ta sunkuyo. Numfashinta sanyi ƙalau.

"Na bar maka ita," ta raɗa. "Sai dai ita ba za ta manta ba."

Bai san sadda ya zura da gudu ba. Ya bar jaki, ya bar dawa, ƙaya na yagar ƙafarsa, kukan nan na bin bayansa har garkar gidansa.

Ya tarar da mata cike da ɗaki. Zara'u na hawaye.

"Malam, ana kiran salla Rakiya ta ƙwalla ihu. Ba wuta kusa da ita, wallahi. Duba!"

A kafaɗar Rakiya, ƙuna zagaye.

Ya miƙa hannu zai ɗauke ta, ta sandare, ta shiɗe, sai da ya fita ta yi numfashi.

Likitan Mayahi ya ce wiwi kan sa mutum ya ga abin da babu, amma ƙunar dai shi ma ya gan ta da idonsa, ya sa mata magani. Mumuni bai ƙara taɓa ganyen nan ba. Ya yi wanka, ya ƙone tufafinsa, ya tuba gaban liman. Rakiya ta warke, ta yi wayo, tana zuwa hannun kowa a garin, ban da shi.

Ran da bakinta ya buɗe, Zara'u ta lallashe ta ta ce, "Tahi wurin Baba mana."

Yarinyar ta toshe hanci, ta ɓuya bayan uwarta.

"A'a. Hayaƙi shike yi."