Kwalbar da Ba a Sa wa Abokiya Ba

A ɗakin gwajin jini cewa suke Mai Gyara ya fi jin maganar inji a kan ta mutane. Wata sabuwar ma'aikaciya kuwa, ranar da ta fara aiki ta tambaye shi ma'anar santirifuj, injin da ake sa kwalaben jini.

"Mai juyi ne yana rabawa," ya ce, kansa a ƙasa. "Mai nauyi ya kwanta, marar nauyi ya taso. Amma kowace kwalba sai da abokiya daidai nauyinta a ɗaya gefen."

Daga nan ya koma kiranta Likitata, ko da yake ba likita ba ce.

Da maganar aurensu ta kai gidansu, Baba ya ce sai an gwada jini, don sikila ta ɗauke masa ɗa. Ita ta san tana ɗauke da ƙwayar. Idan shi ma haka ne, an rabu.

Da hannunta ta ɗebi jininsa. Ta saka kwalbar a injin ita kaɗai ba abokiya, ta rufe, ta kunna. Injin ya yi gurnani, ya tafi da baya a kan tebur, wani abu ya tarwatse a ciki.

Jiya-jiya Mai Gyara ya gyara injin. Shugaba ya sallame shi, Baba ya ce ba ya ba mai aikin ganganci 'ya. Ita kuwa tsoro ya sa ta ɓoye cewa laifinta ne.

Kwana tara sai ga saƙo: "Likitata, na yi gwajin a wani wuri. Jinina lafiya lau. Na buɗe injin kafin in tafi, na ga komai. Ki ci abinci."

Ta karanta sau uku. Da safe ta faɗa wa shugaba gaskiya, da yamma ta durƙusa gaban Baba.

"Ya sani, ya yi shiru?" in ji Baba. "Kira mini shi."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, Baba na ta sa albarka har muryarsa ta dishe. Da 'yan rakiya suka watse, ango ya ce, "Amarya, kukan me kuma?"

Ta ɗago mayafi.

"Kowa na faɗa wa, ban da kai. Ni ce na sa aka kore ka. Don Allah ka yafe mini."