Hasken da Ya Dawo a Aljihun Yaya

Kai ma ka sha karɓar ƙwayar magani tana marmashewa a tafin hannunka, ka kau da kai ka haɗiye. Don haka kada ka yi saurin zagin ɓarawon nan.

Da hantsi wata Dakta ta kai ƙara wurin 'yan sanda: an ɗebe fallayen leda daga ɗakin bincikenta. Ita ta haɗa su. In an haska musu fitila aka kashe, sai su ci gaba da haske kore shar. Danshi na taɓa su, hasken ya mutu. Burinta a riƙa manna su cikin kwalin magani, don a gane wanda danshi ya shiga.

"Wa ya shigo jiya?" in ji Sufeto.

"Yayana kaɗai, mai kula da magunguna a asibitin unguwa. Abinci ya kawo min."

Ta ce ledar kan bar gari a jikin tufafi. Aka kira Yaya.

"Ban wuce bakin ƙofa ba, ranka ya daɗe."

Sufeto ya rage labule, ya haska farar rigar aikin Yaya, ya kashe fitila. Ba komai. Ya taɓa aljihun, ya ji sanyi.

"Malam, aljihu kaɗai kake wankewa? Tsadar sabulu ce?" Ya juya. "Dakta, in ruwa ya kashe hasken, shi ke nan?"

Ta daɗe tana kallon yayanta. "Zafi na dawo da shi."

Aka kawo dutsen guga. Aljihun ya yi kore shar.

Yaya ya zauna. "Rufin sitonmu na yoyo. Yara na shan maganin zazzaɓi, ba sa tashi. Shugabanmu ya ce in kawo hujja. Na roƙe ki ledar nan, Auta."

"Ba a gama gwaji ba, Yaya."

"Na manna su a kwalaye. Ba wanda ya yi haske."

Ta ce ta janye ƙara. Sufeto ya ce kayan cibiyar da take wa aiki ne, maganar ta fi ƙarfinta. Ankwa dai bai fito da ita ba.

"Ka ci wani abu kuwa?" ta tambaya, tana gyara masa wuyan riga.

Aka tafi da shi. Kwalayen na nan, gobe ma za a raba. Tashi ka je asibitin unguwarku, ka ce a buɗe maka sito.