Dalar da Ubale Ya Huda

Magariba ta kawo jiki a unguwar Setapak. Ruwan la'asar ya ɗauke, sai ɗigarsa a bakin baranda. A hawa na goma sha huɗu Juwairiyya tana tuƙa tuwo, mijinta Ubale kuwa yana bakin taga, gilashin ƙara girman abu manne a idonsa na dama, yana duban tsoffin dalolinsa na azurfa. Karatun digiri na uku ne ya kawo shi Kuala Lumpur, amma tsakani da Allah dalolin nan sun fi littattafai ganin fuskarsa. Talatin da bakwai gare shi, kowace da 'yar jakarta, masu gaggafa da masu hoton sarauniya.

"Mutum ya ƙare a kan kuɗin da ko gishiri ba sa saye," in ji Juwairiyya daga kicin.

Bai kai ga amsa mata ba, dutse ya faɗo cikin tukunyar tuwo, fal! Na biyu ya tarwatsa ƙwan lantarki. Tagogi a rufe, ƙofa a kulle, kuma wa ke jifa a hawa na goma sha huɗu? Ubale ya ɗauki ɗaya, ya ji shi da ɗumi, jar ƙasa jiƙaƙƙiya a jikinsa. Da ya ɗago, sai ga 'yarsu Afnan, mai shekara tara, tsaye a bakin ɗaki, ta dafe idonta na dama tana kallonsa da ɗayan. Wannan kallo ba na 'yarsa ba ne.

To, ga abin da ya jawo. Kwana biyu kafin nan ya sayi wata dala a hannun wani lebura mai rushe tsoffin gidajen katako. Baƙa ƙirin take, da ƙasa a jikinta. Ya wanke ta da toka da lemun tsami, ya ga hoton duk ya goge, ba ta isa shiga jaka ba. Sai ya tuna kakarsa Daso, wadda har ta koma ga Allah akwai hudajjiyar dala a wuyanta, yadda mutanen da ke rataya wa 'ya mace azurfa. Ya ɗauko ƙusa da guduma. A bugu na uku ya ji wani ɗan ƙara kamar na jinjiri, ya ce kyanwar maƙwabta ce. Kai, ɗan Adam! Ya zura zare ya rataya wa Afnan da hannunsa.

Kwana uku gidan bai ga zaman lafiya ba. Da rana ta yi ja, jifa ya fara. Faranti ya tashi da kansa ya fashe a bango. Yarinyar da ko tulun gas ba ta iya jijjigawa ta ɗaga ubanta ta maka shi da firij, ta fasa wa uwarta leɓe. Abin da ya fi tsinka musu zuciya shi ne hannunta: da an yi sakaci sai ta kai babban yatsa idon dama za ta ƙwaƙule shi. Dole suka ɗaure ta da mayafin uwar. Zaren wuyan kuwa almakashi biyu ya karya, dalar ta ƙona fatar ƙirjinta.

Tsohuwar Bamalayar da ke maƙwabtaka da su, wadda suke kira Makcik, wato Inna, ta leƙo don ihun ya ishe ta. Tana ganin dalar ta ja da baya.

"Wannan ta ƙarƙashin ginshiƙi ce," ta ce wa Ubale. "Ranar da aka kafa gida ake binne ta. Ba a tono ta, balle a huda."

Ranar Alhamis bayan la'asar Malam Bahauddeen ya zo, wani siririn Bakatsine mai nazarin tafsiri, wanda 'yan Najeriya ke nema in irin wannan ta taso. Tun a ƙofa ya kama hannun Ubale.

"Duk abin da ka ji, kada ka ce uffan. Su waɗannan da maganar bakinka suke kama ka."

Ya zauna gaban yarinyar ya fara karatu a hankali. Ɗakin ya yi tsit, sai muryarsa. Can Afnan ta miƙe wuya, ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito, da Hausa tsantsa. Afnan fa tashin Malesiya ce, in ka yi mata Hausa da Turanci take amsawa.

"Daina ƙona ni, Malam."

"Wace ce ke? Me yarinya ta yi miki?"

"Shekara ɗari muna ƙarƙashin ginshiƙi, ba mu taɓa kowa ba. Aka rushe gidan, na ɗauki ɗana muka fake cikin dalar. Wancan," ta juya ga Ubale, "ya kafa ƙusa a idon ɗana. Har sau uku."

Juwairiyya ta toshe baki da hannu.

"Bai sani ba," in ji Malam. "Za a toshe hudar da azurfa, a mai da ku cikin ƙasa. Ki ji tsoron Allah, wani ba ya ɗaukar laifin wani."

"Azurfa ta toshe dala. Me zai toshe idon ɗana? Idon 'yarsa nake so, in na samu na tafi."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Duwatsu suka yi ta sauka kamar ƙanƙara, ɗaya ya tsaga masa goshi, jini na bin gemunsa amma bai tsai da karatun ba. Muryar tsohuwar ta yi ta kururuwa, tana cewa za ta fita, za ta fita. Sai mayafin ya yage. Hannun Afnan ya kuɓuce, babban yatsan ya nufi ido, farcen ya taɓa fatar.

"Ni na huda!" Ubale ya kwatsa ihu. "Ɗauki nawa, ki bar mini 'yata!"

"Innalillahi!" in ji Malam.

Jifa ya tsaya cak. Hannun ya sauka a hankali.

"Na karɓa," in ji muryar.

Zaren da ya gagari almakashi ya tsinke da kansa. Dalar ta taso kamar an harbo ta da gwafa, ta sami Ubale a idon dama. Ya faɗi yana birgima, jini na tsiyaya ta tsakanin yatsunsa. Afnan ta yi atishawa sau uku, ta yi luƙus a jikin uwarta.

Likitoci sun yi iya yinsu, idon bai tsira ba. Juwairiyya da Makcik suka kai dalar wurin maƙeri ya toshe ta, suka binne ta a gindin wata bishiya kusa da inda gidan yake a da. Da Malam Bahauddeen ya zo dubiya asibiti, bai ɓoye ɓacin ransa ba.

"Saura ƙiris ta fita ba da komai ba, Ubale. Na ce kada ka yi magana."

"Allah ya sani, Malam, wataƙila haka ne. Amma kai Alƙur'ani kake kallo, ni yatsan nake kallo."

Afnan ba ta tuna komai ba. Ranar da aka sallamo shi ta tarar da shi bakin taga, ya yi tagumi. Don ta faranta masa rai ta ɗauko gilashin nan da dala guda ta miƙa masa. Sabon da ya yi ya sa ya kai gilashin idon dama, ya ci karo da bandeji. Ya ajiye shi, ya jawo ta, ya tallafi fuskarta da hannu biyu.

"Abba, me kake dubawa?" ta tambaye shi da Turancinta.

"Tsaya tukuna, uwata," ya ce, hawaye na zuba daga idon da ya rage masa. "Buɗe su duka biyun in gani."