Gawar da Ruwa Bai Jiƙa Ba

Hantsi bai gama ɗagawa ba aka bugo wa Insifeta waya daga asibiti, wai an tsinci gawar wani dattijo a kan benci a tsakar harabar. Da farko bai so zuwa ba, don mutuwa a asibiti ba labari ba ce. Amma likitan da ya kira ya ce wannan ba irin wadda suka saba gani ba ce.

Ya iske harabar asibitin ana ta hidima. Ana kafa rumfuna, ana jera kujeru, wani yana ta hura lasifika. Ranar ce za a ƙaddamar da gidauniyar ƙarasa masaukin masu jinya, wani gini da ke bayan asibiti, wanda aka shafe da sabon fenti don manyan baƙi su gani su saki hannu. Waɗanda ake ginin dominsu kuwa suna inda suka saba, a gindin bishiyoyi, suna shanya tabarmin da ruwan asuba ya jiƙa musu.

Kofur ɗin da ya zo tare da shi ya yaye zanen da aka rufe gawar da shi. Dattijo ne siriri, fuskarsa a sake kamar mai barci.

"Taɓa rigarsa," in ji Insifeta.

"A bushe take, yallaɓai."

"Bencin fa?"

"Sharkaf."

"To ba a nan ya kwana ba. Bayan ruwa ya ɗauke aka kawo shi. Kuma ina takalmansa?"

Babu takalma. A kafaɗar rigar kuwa akwai shafar farin fenti.

Likita bai ja zance ba. "Ba duka ba ne, ba kuma ciwo ba. Hayaƙi ya shaƙa a rufaffen wuri, irin na janareta. Mutum barci kawai yake yi, daga nan ba ya tashi."

"Majinyaci ne?"

"Mai jinya ne. Matarsa tana ɗakin mata, an yi mata aiki. Ba mu faɗa mata ba tukuna, jikinta ba zai ɗauka ba."

Insifeta ya daɗe a aikin nan, ya yi wa ɓarayi da masu kisa tambayoyi ba tare da gabansa ya faɗi ba. Amma da ya tsaya a gefen gadon tsohuwar nan, sai ya ɓoye mata abin da ya kawo shi.

"Sannu, Inna. Yaushe rabonki da mai gida?"

"Jiya da yamma. Wani laifi ya yi, ɗana?"

"Ko kaɗan."

"Ya shigo yana ta murmushi, wai ya sami inda zai miƙe bayansa. Tunda muka zo a ƙasa yake kwana, ga shi da ciwon ƙugu. Na ce wa ya ba ka? Ya ce an sa shi ya yi alkawari ba zai faɗa ba." Ta yi 'yar dariya, ciwo ya katse ta. "Idan ka gan shi ka ce barcin ya isa haka. Ya kawo mini ruwan zafi."

Insifeta ya ce to. Ya fito, ya nufi sabon ginin.

Mai gadin masaukin ya tare su a ƙofa yana rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. "Wallahi babu wanda ya kwana a nan. Doka ce ta kwamiti, ba a buɗe gidan sai bayan taro."

"Buɗe mu gani."

Ɗakunan suna warin fenti. Kowace katifa tana cikin ledarta, ban da ta ɗakin ƙarshe, wadda aka mayar wa leda a karkace. A farin bangon lungun da ke ƙofar ɗakin akwai baƙin tabon hayaƙi daidai gwiwa, an goge shi da tsumma bai fita ba. Kofur ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin gado, ya jawo silifa guda biyu da suka sha ɗinki.

"Naka ne?" in ji Insifeta.

Mai gadi ya girgiza kai.

"Wa ke da makulli bayan kai?"

"Uwa ce." Hawaye suka cika masa ido. "Bayan ruwa ya tsaya na hango ta tana tura keken marasa lafiya. Yallaɓai, don Allah ka bar zancen nan. Idan ya fita, babu wanda zai ba da ko sisi, hukumar asibiti kuma ta rufe gidan."

Babu wanda bai san Uwa ba a asibitin. Mai sayar da abinci ce a bakin ƙofa. A gindin bishiyoyin nan ta yi jinyar mijinta har ya rasu, tun daga lokacin kuma ta sa ƙafa tana bin ofisoshi da shaguna tana roƙo, har ginin ya tashi. Masu jinya ne suka sa mata sunan.

Insifeta ya same ta a bayan rumfa, sanye da kayanta na fita, tana nuna wa mata inda za su ajiye ruwan baƙi. Ya ja ta gefe.

"Uwa, kin san dattijon da ya rasu?"

"Nakan gan shi dai, kamar kowa. Allah ya jiƙansa."

"Yaushe rabonki da shiga masauki?"

"Tun ranar da masu fenti suka gama."

"Kina da janareta?"

"Ƙarami, na shago. Ya lalace."

Insifeta bai yi musu da ita ba. Ya karɓi silifan daga hannun Kofur ya ajiye a gabanta.

Ta kalle su. Sai ta zauna a kan wani kwali.

"Na gan shi yana neman tashi daga tabarma ya kasa," ta ce. "Hadari kuma ya haɗo. Na ce ga gado a kulle, ga mutum a ƙasa, don kawai baƙi su ga katifa sabuwa? Sai na sa shi a ɓoye. Ba a jawo wa gidan wuta ba tukuna, ɗakin ga zafi ga wari, sai na kawo janaretana don ya sami fanka. Na shigar da shi lungu na rufe ƙofa, kada ruwa ya dake shi, kada kuma a ji ƙararsa. Har godiya ya yi mini."

"Da safe fa?"

"Na kai masa shayi." Ta goge fuska da bakin mayafi. "Na tashe shi, na tashe shi. Wallahi ba kaina na ji wa tsoro ba. Gidan na tuna. Na ce idan aka ji an mutu a ciki tun ba a buɗe ba, mutanen nan za su dawwama a gindin bishiya. Na ɗauke shi kamar kaya na kai benci. Wannan ne ba zan yafe wa kaina ba."

Tausayinta ya kama Insifeta har ya kawar da kai. Amma akwai tsohuwa a kan gado tana jiran ruwan zafi, ita ma tana da haƙƙi.

"Sakacinki ya kashe mutum, kuma kin ɗauke gawa kin ɓoye sanadi. Dole mu tafi caji ofis, Uwa."

"Na sani." Ta kunce makullin masaukin daga bakin zaninta ta miƙa masa. "Abu ɗaya nake roƙo, ɗana. Ka bari su gama bayarwa kafin su ji."

Ya karɓi makullin. Kofur ya ciro ankwa, Insifeta ya girgiza masa kai, sannan ya ce a kawo mota ta ƙofar baya.

Suna cikin tafiya lasifika ta ɗauka. Mai gabatarwa yana kiran uwar wannan gida, matar da ba don ita ba da ko bulo ɗaya ba a aza ba, ta fito jama'a su gan ta. Tafi ya ɓarke a rumfuna, masu jinya a gindin bishiyoyi suka miƙe suna taya su.

Uwa ta ɗan tsaya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Aka sake kiranta. Ta shiga mota, Insifeta ya rufe ƙofa a hankali, tafin bai tsaya ba har suka fita.