Keken Barkono

Ta dire fedar keken a kan kantar shagon kekuna da ƙarfin da sai da gwangwanin biro ya yi tsalle.

"Ga abinku," in ji ta. "Ragowar tana waje, na jingine da bango."

Barkono ake kiranta a gida tun tana ƙarama, kuma ba a banza ba. A lambun sayar da dashen furanni take aiki, ita ke kai wa masu saye tukwanensu har gida. Saboda wannan zirga-zirgar ta sayi keke mafi arha a shagon, kore shar da kwando a gaba, aka haɗa mata da takardar garanti ta shekara guda. Yayanta ya ce araha ba ta ado, ta yi kunnen uwar shegu da shi.

Tun makon farko keken ya nuna hali. Birki ya riƙa kuka kamar an taka wutsiyar mage, sarƙa tana zamewa a duk hawa, ƙararrawa kuwa sai ta ga dama take bugawa. Yau feda ta ɓalle a tsakiyar titi, tukwane biyu suka tarwatse, ƙasa ta ɓata mata riga har kafaɗa.

'Yar kanta, wato mai jiran shagon, wata kyakkyawa mai dogayen farce, ta ture fedar da bakin biro, ta ce garanti bai shafi abin da mutum ya karya da ƙafarsa ba. Barkono ta tambaye ta ko da hannu ake taka feda. Hayaniyar ta fito da mai shago daga ofis, dattijo mai tumbi da tabarau a kan hanci. Ya yi dogon bayani cewa feda kamar takalmi ce, cinyewa take yi. Ta ce takalmin da ya cinye cikin wata guda ai kwali ne.

Suna cikin haka wani saurayi ya fito daga bayan shago, hannunsa duk baƙin mai. Ya ɗauki fedar, ya juya ta, ya fita waje, ya durƙusa gaban keken. Ɗan mai shagon ne, shi ke haɗa kekunan idan an kawo su a kwali, kuma saboda ƙarancin maganarsa kowa Shiru yake ce masa. Kafin uban ya gama mita, ya ɗaura sabuwar feda.

"Ki yi haƙuri," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ba laifin ƙafarki ba ne."

Ta zo da faɗa cike da baki, sai ta nemi sauran ta rasa.

Daga ranar ta zama 'yar gida a shagon. Yau sirdi ya karkace, gobe wili ya lanƙwashe, jibi robar birki ta faɗi. Mai shago da ya hango koren keke sai ya shige ofis ya turo ƙofa. Shiru kuwa da ya ji kukan birkin nan daga nesa sai ya goge hannu ya fito. Takan zauna a kan wani kwali tana ba shi labarin furanni, wanda ke son rana da wanda ke son inuwa, shi yana ɗaure noti yana murmushi. Wani lokaci gyaran da bai kai komai ba sai ya ɗauki rabin yini.

A gida matar Yaya ta fara tsokana. Ta ce ita fa ba ta gane ba, keken ne ke lalacewa ko mai keken, don ba ta taɓa ganin wadda za ta kai ƙara ta tsaya shafa turare ba. Inna ta yi dariya har da tari. Yaya dai bai yi ba.

Wata rana da hantsi sarƙar ta tsinke gaba ɗaya, a kan wani hawa nesa da shago, kwandon cike da dashe. Ta zauna a bakin hanya kamar ta yi kuka. Ta kira Shiru a waya ba don tana sa rai ba, sai ga shi a ƙafa, yana haki, da jakar kayan aiki a kafaɗa. Ya sa sabon mahaɗi a sarƙar, ya canja robar birki da wata mai kyau da ya saya da kansa. Da ya gama bai miƙe ba.

"Kullum ina addu'a keken nan ya gyaru," ya ce. "Kuma kullum ina tsoron ya gyaru."

"Tsoron me?"

"Idan ya gyaru... me zai kawo ki?"

Barkono, wadda ba a taɓa kayar da ita a magana ba, ta sunkuyar da kai tana tsinkar ganyen dashen mutane. Can ta ce, a hankali, ai lambu ba shi da ƙofa. Tun daga nan ya zama mai yawan sha'awar furanni, har tagar ɗakinsa ta rasa wurin ajiye tukunya.

Abin da ba su sani ba, 'yar kanta ta gan su ranar daga cikin motar haya. 'Yar ƙanwar mai shago ce, kuma ta daɗe da sa wa ranta cewa Shiru da shagon duka nata ne. Ta san dokar kawunta sarai: ba a gyara a wajen shago, balle kyauta. Ta haɗiye abin, tana jiran rana.

Ranar ta zo da ƙarfen jikin keken ya tsage a ƙarƙashin sirdi. Wannan ya wuce gyara, sai dai canji. Yaya ya ce wannan karon ƙafarsa ƙafarta. Suka tarar da shagon cike da masu saye.

'Yar kanta ta zagayo da fara'arta, ta durƙusa, ta nuna mahaɗin da ke ƙyalli a cikin tsohuwar sarƙa, ta nuna robar birkin da ba irin ta kamfani ba. Ta ce abin tausayi ne, amma takarda ta faɗa ƙarara: idan hannun waje ya taɓa keke, garanti ya faɗi. Fuskar mai shago ta washe kamar wanda aka yi wa albishir. Ya ce shi ke nan, magana ta ƙare.

Barkono ta dubi Shiru. Yana tsaye a ƙofar baya da sifana a hannu, kansa a sunkuye. Tana iya faɗa da bakinta cewa shi ya gyara, amma ta ƙudura ba za ta faɗa ba. Ta kama hannun keken za ta juya.

"Baba," in ji Shiru. Muryarsa ta kai har bakin ƙofa. "Ni na gyara. A bakin hanya, da hannuna. Kuma ko gobe ta kira ni zan je."

Mai shago ya cire tabarau, ya mayar.

"To, Baba," in ji Barkono cikin ladabi, har da ɗan rusunawa, "sai ka faɗa mana. Ɗanka hannun shago ne, ko hannun waje?"

Wata tsohuwa da ta zo sayen keken jikanta ce ta fara fashewa da dariya, sauran suka ɗauka. Dattijon ya ga ba mafita. Ya sa aka fito da sabon keke, ya miƙa mata da kansa, amma ya ce ta saurara da kyau: keke ya ba ta, ɗa kuwa bai ba ta ba, kuma ba zai haɗa zuri'a da masifa ba. Yaya ya ce dama wa ya roƙe shi, su ma ba su da 'yar da za su kai gidan da ake sayar wa mutane gwangwani da sunan keke. Ya ja ƙanwarsa suka fita.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Yaya ya hana kiran waya, mai shago ya hana zuwa lambu. Barkono ta rage surutu, har Inna ta fara taɓa goshinta ko zazzaɓi ne. Sabon keken ma bai yi wata ba ya fara kukan ɗan'uwansa, ga shi ba inda za ta kai shi.

Ashe a can shago ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Labarin canjin ya bazu, duk wanda ya sayi koren keke ya turo nasa, wani ba feda, wani a tsage. Bayan shago ya cika taf. Mai shago ya tafi ofishin dillalin da ke kawo masa kaya ya nemi a karɓi abinsu, aka ce masa garanti bai shafi abin da masu saye suka lalata ba. Ya koma, aka ce manaja ya fita. Ya sake komawa, aka bar shi a kan benci har aka tashi. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ya dawo gida ya kasa cin abinci.

Matarsa, mahaifiyar Shiru, ta gaji da ganin maza biyu suna zagaye gida kamar marasa lafiya. Ta ce masa shi ciniki ya iya, faɗa kuwa sai mai shi, kuma duk garin nan mutum ɗaya ta san ta taɓa kayar da shi. Ya ce Allah ya kiyaye. Ta ce to ya ci gaba da zaman benci.

Da safe Barkono tana ban ruwa ta ga dattijon tsaye tsakanin tukwane, yana ta jujjuya makullin mota. Ya yi gyaran murya, ya yaba furanni, ya yaba yanayi, da ƙyar ya iso ga abin da ya kawo shi. Ta ajiye butar, ta ce a ba ta lokaci ta wanke hannu.

Ba ita kaɗai ta je ba. Ta sa aka kira duk masu koren keke, kowa ya turo nasa daga bayan shago, suka jera su a ƙofar ofishin dillalin har suka tare hanyar shiga. Aka ce manaja ya fita, ta ce ba komai, sun zo da ruwan sha. Ta zauna a bencin nan, duk wanda ya shigo da niyyar yin oda sai ta gaishe shi da fara'a, ta nuna masa tsagar da ke ƙarƙashin sirdi, ta matsa masa birki ya ji waƙa. Kafin azahar manajan da ya fita ya fito daga cikin ofis, yana share gumi. Aka yi ta ja, ya ce rabi, ta ce duka. Da la'asar motar kamfani ta kwashe kekunan kaf.

A hanyar dawowa dattijon ne ke tuƙi, tana gefensa. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har sai da ya tsaya a gefen titi.

"'Yata," ya ce yana goge ido, "na yi tunani. Irinki gara a ce tamu ce da a ce ta wasu."

Shi da kansa ya je wurin Yaya nema wa ɗansa aurenta. Yaya ya so ya ja aji, ya fara lissafo laifuffuka, Inna ta leƙo ta ce babba ya tako har gida, in yana da sauran magana ya ajiye ta sai ya haifi tasa 'yar. 'Yar kanta ta yi kwana biyu tana kumbure-kumbure, daga baya ta zo lambu ta ba da haƙuri a tsaitsaye, Barkono ta haɗa ta da tukunyar fure mai ƙaya, suka rabu suna dariya.

Aka yi biki, aka watse.

Bayan sati, da yamma, Barkono ta ce wa angonta ya zo su zaga unguwa a keke, shi a gaba ita a baya. Shiru ya fara kame-kame, ya ce taya ba iska, ya ce gajimare ya haɗu. Ta tsare shi da ido har ya sauke kai.

"Rabin raina... ni fa ban iya hawa keke ba."

Ta ɗauka wasa ne. Ya rantse. Ya ce tun yana yaro ya faɗi sau ɗaya bai sake ba, ya iya kwance keke ya ɗaure ido rufe, amma bai taɓa yin taku goma a kansa ba, kuma ko babansa bai sani ba. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Da ta gama ta miƙe, ta share hawaye, ta fito da sabon kekenta zuwa filin bayan gida.

Ya hau, ta riƙe masa sirdi ta baya. Suka tafi a karkace, yana taka feda tana binsa da gudu, hannun keken na lilo hagu da dama. A hankali ya miƙe. Ta ji nauyin ya bar hannunta, ta saki, ta tsaya tana haki.

"Masoyiyata, kina riƙe?" ya kira, bai waiwayo ba.

Ya riga ya kai tsakiyar fili, shi kaɗai, rigarsa na kaɗawa.

"Ina riƙe," ta ce. "Ci gaba."