Takardar Gwajin Ruwa

Ranar da Sahadatou ta shiga ɗan shagon gyaran kyamara na Porte de la Chapelle, Sadisu mai gyaran ya kwana uku bai ji Hausa ba. Ta ajiye masa akwatin da ke kare kyamararta daga ruwa.

"Malam, yoyo shika yi. A Lyon an ce in sayi sabo."

Ya zare robar murfin, ya ɗago silin gashi guda. "Ga ɓarawon nan."

Ta yi dariya, shi ke nan ta tafi da zuciyar bawan Allah. Ya koya mata gwaji: kafin ta sa kyamara, ta nutsar da akwatin da takarda a ciki. In ta fito a bushe, lafiya lau.

Ita kaɗai take tuƙa kayak ɗinta, wani ɗan siririn kwalekwale, a tafkin da ke kusa da Vaulx-en-Velin a gefen Lyon, tana ɗaukar hoton tsuntsaye da ruwa. Duk hotunanta ba mutum ko ɗaya.

Bayan wata uku-uku takan aiko akwatin a duba. Sadisu, sarkin kunya, sai ya rubuta abin da ke ransa a takardar gwajin, ya ninke ya sa a cikin akwatin. Ita kuwa ta nutsar, ta taɓa, ta ji a bushe, ta jefar. Saƙonta kullum ɗaya: "C'est bon, ya yi daidai, na gode Malam."

Shekara guda yana cin abinci shi kaɗai, yana zaton an ƙi shi ne cikin ladabi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

A takarda ta huɗu, robar murfin ba ta zauna daidai ba. Ruwa ya shiga, tawada ta ɓullo shuɗiya. Sahadatou ta warware takardar. Abin da ya tsira: "...na ƙarshe. In ba ki so na, ba ni ƙara..."

Ta zauna bakin tafki ta yi kuka. Sannan ta rubuta: "Sadisuna, sauran ukun mi suka ce? Wallahi na zubda su ban sani ba."

Mahaifinta, Alhaji Hassoumi, ya riga ya fi son Faruk, wani mai neman aurenta wanda ya yi alkawarin raba ta da ruwa. Da Sadisu ya zo Lyon neman aurenta, Alhaji ya ce, "Ka hana ta, in ba ka ita."

"Baba, ba ni iya hana ta. Amma ba ta ƙara shiga ita ɗaya."

"Ka iya ruwa?"

"Tsoronshi nika ji."

 Damuwar Alhaji dama ita ce 'yarsa a tsakiyar tafki ba kowa. Ya ce, "Je ka koya."

Wata biyar ya sha ruwan tafki har ya ƙoshi. Aka ɗaura aure a Vénissieux, aka yi addu'ar zaman lafiya da zuriya ta gari.

Hoton da ke rataye a ɗakin Alhaji yanzu ya ɗan karkace: ango ne a gaban kayak, ya ƙanƙame filafili, ido waje. Shi ne mutum na farko da Sahadatou ta taɓa ɗauka a kan ruwa.