Maganin Sugan Malam Nata'ala

Ranar Alhamis da la'asar, Sufeto Mukhtar yana zaune a ofishinsa na Rano yana cin shinkafa da wake a leda, wayarsa ta yi ƙara. Mai unguwar Rurum Tsohon Gari ne. Wani tsoho ya rasu a ɗakinsa, ɗansa kuma ya rantse ba za a binne shi ba sai hukuma ta zo, don shi ya tabbata kashe shi aka yi.

Sufeto ya ƙulle bakin ledar ya tura gefe. Dama ba mai tambayarsa ko ya ci ko bai ci ba, iyalinsa suna Kano, shi yana nan daga shi sai katifa da rediyo. Ya kira kofur suka hau babur.

Mamacin Malam Nata'ala ne, tsohon tela da ido ya gaza masa. Matarsa ta jima da rasuwa, ciwon suga kuma ya zame masa abokin zama. Ɗakin nasa ba komai sai keken ɗinki lulluɓe da tsumma da tabarmar da yake kwance a kai. Sufeto ya taɓa rigarsa ya ji ta jiƙe sharkaf da gumi. A kan taga akwai ƙwayoyin asibiti da gwangwanin madara cike da koren gari. A ƙasa ga kofi da guntun koren ruwa, da cokali a ciki. A mariƙin cokalin an ɗiga jan fenti, irin alamar da mata ke yi wa kayansu don kada su ɓace a gidan biki.

Sagiru, ɗan mamacin, direba ne a Kano. Yana tsaye bakin ƙofa ido jajur.

"Yallaɓai, ba sai ka wahala ba. Fulera ce, ta gidan can. Kullum ita ke kawo masa abinci. Me take nema wurin tsoho in ba gidan nan ba?"

"Yaushe rabonka da shi?"

"Tun babbar sallah. Ka san yanayin aiki."

Mutumin da bai san ko ubansa yana samun na kai wa baki ba, yau shi ya fi kowa sanin wanda ya kashe shi. Sufeto ya kwashe gwangwanin da kofin da ƙwayoyin, ya ce a yi wa mamaci sutura.

Fulera dattijuwa ce, mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba. Sufeto ya same ta a tsakar gidanta ita kaɗai. Duk matan unguwa sun cika gidan rasuwa, ba wadda ta leƙo ta.

"Iya, yau kin shiga wurin Malam?"

"Ban shiga ba, ranka ya daɗe. Alhamis azumi yake yi. Me zan kai masa?"

"Wa ya fara ganin gawar?"

"Ni dai kuka na ji."

Ta faɗa ba ta dube shi ba. A gindin randa akwai kwandon wanke-wanke, kuma kowane cokali a ciki da ɗigon jan fenti a mariƙinsa. Sufeto ya gani. Tausayinta ya kama shi, kuma bai so hakan ba, don tausayi ɓata masa aiki yake yi.

Bayan an dawo daga maƙabarta, mai unguwa ya nuna masa wani dattijo da ya ware can ƙarshen tabarma yana jan carbi. Ɗanmalam ke nan, mai rumfar maganin gargajiya a kasuwar Rano, aminin mamacin tun ƙuruciya. Sufeto ya je ya nuna masa gwangwanin.

"Malam, wannan garin naka ne?"

"Nawa ne. Zogale ne zalla, sai 'yar hulba. Ni ke shanya shi a inuwa, ni ke daka shi a turmi da hannuna. Kyauta nake ba shi, ban taɓa karɓar ko sisinsa ba."

"Zai iya kisa?"

"Zogale? Yallaɓai, har kwaɗonsa ake yi wa yara."

"To me kake gani ya faru?"

Ɗanmalam ya dubi katangar gidan Fulera, ya sunkuyar da kai. "Allah ne masani," in ji shi.

Sufeto ya murza garin tsakanin yatsunsa. Laushinsa kamar hoda. Ya girma a gidan da ake daka, ya san turmi ba ya fitar da gari haka.

Washegari ya tafi asibitin da mamacin ke karɓar magani. Sista Ramlat ta san tsohon sarai. Da ta ji batun gumin, ta ajiye abin da ke hannunta.

"Wannan ba hawan suga ba ne, Sufeto, faɗuwa ta yi. Mutanenmu ba su san tana faɗuwa ba. Da sun ga mai ciwon yana gumi yana karkarwa sai su ce ta hau, su ƙara masa magani."

"Zogale zai kayar da ita haka?"

"Shi kaɗai, ga mai shan ƙwayarsa daidai, da wuya. Sai dai a aika garin Kano a gwada, kuma ka san sai an jira." Ta ɗago ta dube shi. "Abin mamaki, makon jiya an kawo mana mutanen gida guda daga Tarai, har da yara, duk suna gumi suna jiri bayan sun ci tuwo. Ba mai ciwon suga a cikinsu. Ruwan sukari muka ba su suka miƙe."

Tarai tana ƙasar Kibiya, hanyar kuma ba ta da daɗi. Matar gidan da abin ya shafa ta ce ita ba ta canza komai a girkinta ba, masara ce ta kai niƙa kamar kullum. Ta nuna masa injin da ke bayan masallaci.

Mai injin, Muhammad Auwal, ya fito fari fat da gari har gashin ido.

"Kana niƙa ganyen magani?"

"Ni? Hatsi kawai, yallaɓai."

Sufeto ya zura yatsa a bakin injin ta ƙasa, ya fito da koren abu ya nuna masa.

"To, wani lokaci. In an matsa min."

"In ka niƙa magani, me kake yi kafin ka zuba hatsin mutane?"

"Ana wanke inji. A zuba dusa kwano guda ta kwashe ɗacin, a zubar."

"Ranar da matar nan ta kawo masara, ka wanke?"

Muhammad Auwal ya share fuska. "Mai ya yi tsada, yallaɓai. Na ga ganye ne kawai, na ce me zai yi. Sai na juye masarar matar nan a kai."

"Wa ya kawo ganyen?"

"Wani dattijo mai magani daga Rano, Ɗanmalam. Har na ce masa, duk injinan Rano ba su ishe ka ba sai ka zo Tarai? Kuma ba ya bari in zuba, shi ke juye buhunsa da kansa. Rannan inji ya riƙa ƙara kamar an zuba tsakuwa. Da na kwance na sami waɗannan."

Ya lalubo daga kan katanga wasu 'yan guntayen farar takarda mai ƙyalli, irin wadda ake rufe ƙwayoyi da ita. A jikin ɗaya ana iya karanta rabin suna. Sufeto ya fito da ƙwayoyin mamacin daga aljihu ya haɗa. Iri ɗaya ne.

Ranar sadakar uku Sufeto ya sa mai unguwa ya tara su a zaurensa: Sagiru, Ɗanmalam, da Fulera da ta rakuɓe bakin ƙofa. Ya ajiye cokalin nan a tabarma.

Bai kai ga tambaya ba Fulera ta fashe da kuka.

"Nawa ne. Ƙarya na yi maka. Da hantsi na ji nishinsa ta katanga, na shiga na tarar yana rawar jiki, gumi kamar an watsa masa ruwa. Na ce suga ce ta hau. Na roƙe shi ya karya azumin, na dama masa garin nan na ba shi. Na dawo da azahar na tarar ya cika. Ni ce, ranka ya daɗe. Ku tafi da ni, dama ba wanda zai neme ni."

Sagiru ya miƙe. "Kun ji ko!"

"Zauna," in ji Sufeto. Ya juya wurin Ɗanmalam. "Malam, ka ji abin da ta ce. Ka yarda in tafi da ita?"

Carbin ya tsaya a hannun Ɗanmalam.

Sufeto ya zube guntayen takardar a gabansa. "Mai injin Tarai yana gaishe ka. Yana waje tare da kofur, in kana so ya shigo."

Dattijon ya daɗe yana kallonsu. 

"Ba sai ya shigo ba. Ni na zuba. Mutane sun guje ni, yallaɓai. Kowa ya koma sayen na kwalba mai hoton ganye, wai daga waje. Yanzu kuma kowa da na'urar gwaji, in ya sha naka bai ga lamba ta sauka ba, ya ce ka cuce shi. Sai in wuni a rumfa ba wanda ya yi min sallama in ba Nata'ala ba. Shi ne na fara sayen ƙwayar suga ina niƙawa a ciki."

"Ka san yana shan ta asibiti?"

"Ya ce min ya daina! Ya ce nawa ya ishe shi."

"Bai daina ba. Don ka ji daɗi ya faɗa. Ya sha tasu, ya sha taka, ga azumi."

Ɗanmalam ya rufe fuska da hannu biyu. Sagiru ya koma ya zauna, ya rasa inda zai sa idonsa. Sufeto ya umarci mai unguwa ya sa a yi shela a masallatai, duk mai garin nan a gida kada ya ƙara sha, ya kawo ofis. Sannan ya ce da Fulera ta tafi gida, ba ta da laifi a wurin hukuma. Ya san wannan ba zai hana ta tuhumar kanta ba.

Kofur ya shigo da ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, ya kama hannun tsohon da kansa. A bakin ƙofa Ɗanmalam ya tsaya.

"Fulera, ki yafe ni. Ina ji suna cewa ke ce, na yi shiru."

Ta goge ido da gefen mayafi.

"Cokali ɗaya na zuba masa," in ji ta. "Na ji tsoro kada ya yi yawa. Shi ya riƙe hannuna ya ce, 'Ƙara, Fulera. Na Ɗanmalam ne, ba ya cutarwa.'"

Ɗanmalam ya durƙushe a ƙasa. Sai da Sufeto da kofur suka tallafe shi ta kowane gefe kafin suka iya kai shi wurin babur.